Tada dabbar da ta ƙare: musayar baitoci daga Maraɗi

Mushe Na-Zariya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya a lakwal ɗalibaina suka tsare ni da labarin kamfanin Colossal na Amurka, wanda a watan Afrilun 2025 ya ce ya maido da wani ƙaton kyarkeci da ya ƙare fiye da shekara 10,000. Ga fage na buɗe, ƙwar huɗu, amsa-amon waje "ya".

Da sunan Rabbu mai iko na fari,
Masana sun tono tsohon haƙori,
Suka karanto sirrin da ke ciki da haƙuri,
Dabbar da ta shuɗe ta dawo duniya.

Rubutun gado na cikin ƙwayar jiki,
Shi ke tsara launi, ƙashi da baki,
Wanda ya karance shi ya iya aiki,
Ilimi fitila ne, a bar jayayya.

Ɗan Mokoyo:
Madalla Mushe, sunanka ya dace,
Mai tada mushe, ai kai ne aka ce,
Kare ya sha alli, kai ka amince,
Ka zo kana yi mana shela a hanya.

'Yar Tibiri: Bakin Ɗan Mokoyo da kaifi, amma bai yi ƙarya ba. Ƙwayoyin kyarkecin da ke raye yau suka ɗauko, suka yi gyara 20 a ƙwayoyin gado 14, aka dasa a mahaifar karnukan gida suka haife.

Gyara ashirin ne, ba su ƙara ba,
Farin gashi da girma, ban musa ba,
Sirdi bai mai da jaki doki ba,
Ko an kai shi hawan salla da kwalliya.

Bagobirin Asali: Allahu akbar! Tibiri ta yi magana. Gobir gidan faɗa! Katsinawan Maraɗi ku tattara alƙalumanku.

Ɗan Mokoyo: Ni na fara sara, ita ta zo ta kwashi nama, kai kuma kana guɗa. Bagobiri, kawo baiti ɗaya naka mu gani.

Mushe Na-Zariya:
Ɗan Mokoyo aje butar shayi ka saurara,
Yaro da rarrafe yake kan ya zabura,
Da tunkiya Doli a 1996 aka fara,
Yau ana kwafar doki, ana kwafar saniya.

Ɗan Mokoyo:
Shayina ya fi darasinka daɗi,
Ko ɗalibanka sun san ba ni faɗi,
Kwafi doki ka hau ka zaga Maraɗi,
Mu ga ko zai kai ka Gidan Rumji da tafiya.

Hajiya Mai Jar Akuya: 'Ya'yana, ni kiwo na sani. Ɗana ya karanta mani labarin akuyar dutse ta Sifaniya. Ta ƙarshe ta mutu a 2000, itace ya faɗo mata, amma an riga an yanki ɗan naman kunnenta an adana a sanyi. Akuyoyi da yawa aka ɗora wa cikin, guda ɗaya ta kai wata. A 2003 aka yi mata aiki aka ciro 'yar, huhunta bai yi daidai ba, mintoci kaɗan ta cika. Yanzu kuma ya ce mani giwa mai gashi ta ƙasar ƙanƙara, mamot, ita ake so a maido. Ban yi barci ba sai da na sa ya rubuta wannan:

Kuna ta musu a kan ɗa,
Duk cikinku an mance da uwa.

Na kwana a garke jar akuya na naƙuda,
Na san kukanta in ɗa ya zo ba motsawa.

Yanzu kuma giwar Asiya ake nufi,
Wata ashirin da biyu kafin ta kai ga saukewa.

In ɗan ya faɗi, wa zai ba ta haƙuri?
In ya rayu, wa zai nuna masa hanyar ruwa?

'Yar Tibiri: Inna, kin sa ni hawaye. Baitin ƙarshen nan ya fi duk abin da muka rubuta. Ɗan giwa a garke yake koyon komai, mamot kuwa na ƙarshe sun ƙare a tsibirin Wrangel na arewacin Rasha kusan shekara 4,000 da suka wuce.

Malam Na-Limanci: Kafin a yi nisa. Mushe, baitinka na farko ɗango na uku ɗingishi yake. Na fari gaɓa 11, na biyu 11, na uku 15. Hajiya kuma, da girmanki, an ce ƙwar huɗu da "ya", kin kawo ƙwar biyu da "wa".

Bagobirin Asali: Haba Malam! Uwa na zancen naƙuda kana ƙidayar gaɓa?

Mushe Na-Zariya: Malam, ai aruli, wato karin waƙa, da nauyin gaɓa ake auna shi, doguwa da gajera.

Malam ya zo da mudu da tiya,
Yana awon baiti kamar gujiya,

Malam Na-Limanci: To auna da nauyin, Mushe. Faɗa mani bahari ɗaya, mutaƙarab ko rajaz ko ramal, da ɗangon nan ya hau. Kuma ɗango biyu ka kawo, ina sauran?

Ɗan Mokoyo: Sauran sun ƙare, sai Colossal ta tado su.

'Yar Tibiri: Makaɗan fada ba su san rajaz ba, kuma waƙarsu ba ta karye ba. In ya hau kalangu ya hau.

Malam Na-Limanci: Wannan waƙar baka ce, 'yata. Mu rubutacciya muke yi.

Bagobirin Asali: Malaman Limanci dai kullum haka. A Tibiri kunne ne alƙali.

Malam Na-Limanci: Na ji. Ga nawa, kowa ya auna. Kalmar "tadawa" ce ta dame ni tun farko.

Khalilu ya roƙi ganin rayarwa,
Tsuntsu huɗu aka ce ya yi rabawa,
Ya kira su suka zo suna gaggautawa,
Wannan ikon na Sarki ne Shi ɗaya.

Su ko masana aro suke yi,
Ƙwai mai rai, uwa mai ɗawainiyar goyi,
Ban haramta bincike ba in da amfani za a yi,
Amma azabtar da dabba akwai tambaya.

Ɗan Mokoyo: Malam, "goyi"? Goyo ka murɗe wa wuya don amsa-amo. Ɗango na uku kuma ya fi na Mushe tsawo.

Ɗan Dakoro: Ku yi haƙuri na makara, babu rezo a wajenmu kwana biyu. Kuna ta Amurka da Sifaniya, ga abu a jiharmu. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, saura 49 suka rage a 1996. Aka kare su, manoma suka haƙura da ɓarnar wake, suka haura 600. A 2018 aka ɗauko 8 a mota aka kawo Gadabeji, inda suka daɗe da ɓacewa. Mariri kuma, da aka ce ya ƙare a daji a 2000, daga waɗanda ake kiwo aka sake sakin sa a Chadi a 2016, yana ta haihuwa.

Ba haƙori muka tono ba,
Ba mu ɗora wa wata ciki ba,
Mai sauran numfashi bai mutu ba,
Ku zo Gadabeji ku ga dogon wuya.

Mushe Na-Zariya: Na yi murna da wannan har zuciya, Ɗan Dakoro. Amma farin karkanda na arewa fa? Namijin ƙarshe, mai suna Sudan, ya mutu a Kenya a 2018, saura mata biyu, uwa da 'ya.

Raƙuminka na da miji da mata,
Karkanda ba namiji a gabanta,
In ba ɗakin gwaji, wa zai cece ta?
Amsa mani wannan, bar ni da dogon wuya.

Hajiya Mai Jar Akuya: Wannan kam na tausaya, Mushe. Amma ita ma wata karkandar za a ɗora wa cikin, ko?

Mushe Na-Zariya: Haka ne Hajiya, 'yar'uwarta ta kudu. Tambayarki na nan a wuyana.

Jikan Maharbi: Kwana uku ina karanta wa kakana wannan musayar. Ya ce a rubuta masa, bai san ƙwar huɗu ba, Malam ya yafe.

Na ga sawun giwa a Baban Rafi da idona,
Na ci ƙwan jimina, na harbi barewa da hannuna,
Mu muka cinye su, ba aljani ba, jikana,
Kututturen gawo da na bari a gona ya tofo, su ba su tofo ba.

Ya ce a tambayi Ɗan Dakoro ko tsoho mai sanda zai iya kaiwa Gadabeji.

Ɗan Dakoro: Zai iya, da yardar Allah. A gaishe da Baba. A bari damina ta wuce, ku kwana Dakoro a gidanmu, mu fita da asuba da mota mai jan rairayi. A taho masa da bargo.