Muhawara: lalacewar DNA a fararen ƙwayoyin jini ta isa shaida kan mai shan taba?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina, in ana son a san ko hayaƙin taba ya ratsa jikin mutum, babu gwajin da ya kai duba DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, a fararen ƙwayoyin jininsa. Baki na iya musu, jini kuwa ba ya yi. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki na haddasa ciwon daji. Ku ɗauki benzopayirin, ɗaya daga cikinsu: jiki ne da kansa yake juya shi ya koma wani sinadari mai suna BPDE, shi kuma ya je ya liƙe wa zaren DNA. Tun 1996 aka nuna cewa inda ya fi liƙewa a ƙwayar gado ta p53, mai kare jiki daga ciwon daji, nan ne ta fi lalacewa a ciwon dajin huhu. To saura me?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, bayaninka ba laifi, hukuncin da ka ɗora masa ne ban yarda da shi ba. Benzopayirin ba na taba ba ne ita kaɗai. Yana cikin hayaƙin itace, da na kwal, da na injin dizal, har da naman da aka gasa ya yi baƙi. Sai ka ɗora wa wanda bai taɓa kai sigari baki ba laifin da ba nasa ba. In tambayar ita ce yana sha ko ba ya sha, a auna kotinin, wanda hanta ke samarwa daga nikotin.

Usman: Hajiya, ai kotinin ba ya daɗewa. Cikin kamar awa 16 rabinsa ya tafi, mutum ya daure 'yan kwanaki shi ke nan ya tsallake. Kuma mai tauna cingam ɗin nikotin don ya daina shan taba, shi ma za a gan shi a jininsa.

Hajiya Binta: To a auna sinadarin NNAL a fitsari. Daga NNK yake fitowa, sinadarin da taba ce tushensa, kuma yana yin makonni kafin ya ɓace.

Dakta A'isha: Akwai abin da duk kuka tsallake: waɗanne fararen ƙwayoyin? Mafi yawansu niyutrofil ne, waɗanda ba sa wuce 'yan awoyi ko kwanaki a cikin jini. Limfosayit su ne wasunsu ke yin watanni har shekaru, don haka su suka fi tara tabon DNA. In aka haɗa su duka aka auna, bambancin mai sha da wanda ba ya sha sai ya dusashe. Ga kuma gyara: ƙwayar halitta ba ta zura ido, tana yanke inda ya lalace ta cike gurbin, kuma ƙarfin wannan gyara ba ɗaya ba ne tsakanin mutane. Haka ma kawar da gubar. Kusan rabin Turawa ba su da ƙwayar gado ta GSTM1 mai aiki, wadda ke taimakawa wajen kashe kaifin irin su BPDE. Mutum biyu su sha kwali ɗai-ɗai a rana, sakamakonsu ya sha bamban.

Gwajin tauraruwa mai wutsiya, wanda aka fito da shi a 1984, ya ma fi wuyar sha'ani. Ana saka ƙwayoyin cikin wani kauri-kauri a ja su da lantarki, DNA ɗin da ya kakkarye ya zubo kamar wutsiya. Amma bai san wa ya karya ba. Motsa jiki mai tsanani ma yana tsawaita wutsiyar, kuma ɗakunan gwaji biyu kan ba da adadi daban a kan jini ɗaya.

Malam Sani: Dakta, ai kin ƙara mini ƙarfi ne. Wannan bambancin shi ne amfanin gwajin. Kotinin yana faɗa maka abin da ya shiga, tabon DNA yana faɗa maka abin da ya tsallake duk kariyar jiki ya isa inda ɓarna take.

Dakta A'isha: Ga mai bincike da ke kwatanta ɗaruruwan mutane, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ga mutum ɗaya a gaban likita, a'a. Kada ka manta ma jini wakili ne kawai, don ba a iya yankan huhun mai lafiya a duba.

Usman: To batun ƙwayar gadon nan, AHRR, fa? A fararen ƙwayoyin jini ake auna shi, alamar sinadarin metil da ke kansa tana raguwa sosai a masu shan taba, kuma takan yi shekaru ba ta koma daidai ba bayan an daina.

Hajiya Binta: Wannan kam alama ce mai ƙarfi, amma ba lalacewa ba ce. Zaren bai karye ba, babu abin da ya liƙe masa, abin da ke kunna shi da kashe shi ne ya sauya. Kada ka ara wa Malam hujjar da ba tasa ba.

Malam Sani: Duk dai a fararen ƙwayoyin jini ne, Hajiya.

Hajiya Binta: Ba abin da ka fara cewa ke nan ba. Kotinin yana da iyakar da ake aiki da ita, tsakanin nanogiram 3 zuwa 15 a kowane mililita na ruwan jini, gwargwadon al'ummar da ake dubawa. Kawo mana adadin tabon DNA da za a ce daga nan zuwa sama mai shan taba ne, sai mu ci gaba.