Sun kira ni "goya" a gidan da nake aiki, zagi ne ko me?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Zangon Kumasi ce, shekarata 6 a New York, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Wata 7 ke nan ina kula da wata tsohuwa Bayahudiya a Borough Park, cikin Brooklyn, unguwar Yahudawa masu riƙo da addini sosai. Tsakani da Allah ba su taɓa cin haƙƙina ba. In lokacin sallah ya yi, tsohuwar da kanta take nuna min agogo.

Ranar Juma'ar da ta wuce da daddare an yi sanyi, na'urar ɗumama ɗaki kuma a kashe take. Na ji jikan tsohuwar ya yi wa mahaifiyarsa magana da yarensu yana kallona, na tsinci kalmar "goya". Matar ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce, "Ɗakin Mama akwai sanyi." Ba ta ce in kunna ba, amma na gane, na kunna. Da na ba maigidana labari, abokinsa ya turo mana wani bidiyo a WhatsApp, wai "goyim" ma'anarsa dabbobi, wai a wurinsu mu shanu ne. Tun ranar abinci ba ya shiga cikina. Maigida ya ce in ajiye aikin, ni kuma yara biyu nake biya wa makaranta a gida. Ku ba ni shawara.

Wani matashi daga Kano:
Anti ki ajiye kawai. Arziki na Allah ne. Ba ki ga abin da ake yi wa 'yan uwanmu a Gaza ba?

Wani malami daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ciwon Gaza yana zuciyar kowa a nan, amma tambayar baiwar Allahn nan a kan kalma ce, kuma ba a warkar da ciwo da ƙarya.

'Yar uwa, bidiyon nan ya yi miki ƙarya. "Goy" a Ibrananci ma'anarsa al'umma, jam'insa "goyim". Shanu a harshensu "baƙar" ne, ɗan uwan "baƙara" na Larabci wanda kika sani a sunan sura ta biyu, dabba kuma "behema", kamar "bahima". Babu inda suka haɗa dangi da "goy".

Hujja mafi ƙarfi ita ce su kansu an kira su da kalmar a littafinsu. A Farawa 12:2 an yi wa Annabi Ibrahim alkawarin zai zama "goy gadol", al'umma babba. A Fitowa 19:6 an kira Bani Isra'ila "goy kadosh", al'umma mai tsarki. Wa zai kira kansa tsarkakakkiyar saniya? Tunda a New York kike, wata rana ki bi ta gaban ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. A tsallaken titi akwai bango da aka zana ayar Ishaya 2:4 da Turanci, wadda ke cewa al'umma ba za ta ɗaga takobi a kan al'umma ba. A asalin Ibrananci "goy" ne a wuraren biyu.

Daga baya ne ma'anar ta tsuke. Zuwa zamanin da aka haɗa Mishna, littafin hukunce-hukuncen malaman Yahudawa, wajen shekara ta 200 miladiyya, malamansu suna amfani da ita ga mutum ɗaya wanda ba Bayahude ba, domin hukunce-hukuncensu na yanka da aure da Asabar suna bukatar suna ga wanda ba su hau kansa ba. "Goya" kuma mace ke nan. Mu ma ai muna da irinta. Balarabe ya kira duk wanda ba Balarabe ba ajami, Bafillatani ya ce da mu Haɓe.

Maganar shanu kuwa, masu ƙin Yahudawa ne suka daɗe suna yaɗa ta. Akwai littafin jabu da aka buga a Rasha a 1903, wanda ake kira Protocols, cike yake da kalmar "goyim" a bakin wasu dattawan Yahudawa na ƙage. Jaridar Times ta Landan ta tona asirinsa a 1921, ta nuna an kwafo shi ne daga wani rubutun Faransanci da babu ruwansa da Yahudawa. Har yau ana juya shi a wayoyi, ana aiko mana.

Ki duba adalcin Alƙur'ani a Ali Imran aya ta 75: cikin Ma'abota Littafi akwai wanda in ka ba shi amanar dukiya mai yawa zai mayar maka, akwai wanda ko dinari ɗaya ne sai ka tsaya a kansa, saboda cewarsu babu laifi a kansu game da ummiyyai, wato waɗanda ba Ma'abota Littafi ba. Ayar ba ta yi musu kuɗin goro ba. Ke kika san wane iri ne mutanen gidanki.

Wata 'yar uwa daga Landan:
Malam ya yi bayani, Allah ya saka. Ni kuma bari in faɗi abin da kunnena ya ji, don na yi shekara 4 ina irin aikinki a Stamford Hill. Kada ki ɗauka kalmar kullum wankakkiya ce. Yaren da kika ji Yidish ne, kuma a cikinsa akwai maganganun raini da aka gina a kanta. "Goyishe kop", wato kan goy, ana faɗa wa wanda ya yi wauta. Wannan kam raini ne, ko da junansu suke faɗa wa. Akwai Yahudawa da yawa da ba sa furta "goy" a gaban baƙo saboda sun san tana iya sosa rai.

Wadda ba za ki taɓa yarda a kira ki da ita ba ita ce "shiksa", namiji kuma "shegets". Asalinsu daga kalmar da ke nufin abin ƙyama. In kin ji wannan, ki yi magana nan take.

Abin da ya faru ranar Juma'a kuwa na san shi sarai. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari ranar Asabar akwai nau'in aiki 39 da aka hana su, har da kunna wuta, masu tsanantawa kuma sun saka lantarki a ciki. Sannan a ƙa'ida ba sa umartar wanda ba Bayahude ba kai tsaye ya yi musu, shi ya sa ta zagaya ta ce akwai sanyi. Ba girman kai ba ne, kaffa-kaffa take da dokarta. Mai yi musu irin wannan taimako "Shabbos goy" suke ce masa. Colin Powell, wanda ya zama sakataren harkokin wajen Amurka a 2001, ya yi wannan aikin yana yaro a unguwar Bronx da ke New York, yana kunna wa wani wurin ibadarsu fitila.

Wani direba daga Legas:
Hajiya ni ban yi boko ba, amma na san "aboki". Kalmarmu ce, mai kyau. A nan Agege wani zai ce min aboki ya miƙo min ruwa, wani zai ce min aboki in ji kamar ya tofa min yawu. Kalma ɗaya ce, bakin ne daban. Ki tuna fuskar yaron lokacin da ya faɗa.

Wani ɗalibi daga Yamai:
Malam, to addu'ar da suke yi da safe suna gode wa Allah da bai yi su "goy" ba fa?

Malamin Zariya:
Gaskiya ne akwai ta, ba zan ɓoye ba, kuma wasu ɓangarorinsu sun sauya lafazin zuwa godiya da ya yi su Bani Isra'ila, saboda su ma ta dame su. Masu kare ta suna cewa godiya ce a kan nauyin dokokin da aka ɗora musu. Ka kuma haɗa da wannan: babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa salihan sauran al'ummu suna da rabo a lahira, ya kuma ce Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na samu matar a kicin na ce mata na ji abin da ɗanta ya kira ni, kuma ni ina da suna. Fuskarta ta yi ja, ta ce ba zagi yake nufi ba, amma ta ba ni haƙuri, ta kira shi ya zo ya maimaita sunana har sau biyu don ya iya faɗa daidai. Na karanta wa maigida bayanin Malam. Bai gama saukowa ba, amma ya ce in ci gaba zuwa ƙarshen wata mu gani. Gobe Juma'a, na ce mata tun da rana za mu saita na'urar ɗumamar tare.