Musayar Waƙa: Shari'ar Habre a Dakar

Malam Na-Gabas:
Salamu alaikum. Ga baitoci kan Hissene Habre, da ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990. Amsa-amon "ya" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Alƙalin da ba ya karɓar toshiya.

Shekara takwas Habre na kan gado,
Njamena tai tsit, ba mai ɗaga murya.

'Yan sandan sirrinsa na DDS ke ɗauka cikin dare,
Wanda suka ɗauka ba ya waiwaya.

Wurin ninƙaya suka rufe da siminti,
Ya zam kurkuku, ba iska, ba hanya.

Satumban 1984 Kudu ta sha wuta,
Manomi ya tafi, har rumbu da dukiya.

Hajarai suka biyo, sannan Zagawa,
Laifin mutum ɗaya a kan zuriya.

Rai 40,000, in ji kwamitin binciken 1992,
Ban da guragu, ban da masu jinya.

Mayun 2016 kotun Dakar ta yanke,
Ɗaurin rai da rai, ta tabbata gaskiya.

Hajiya Ta-Kudu:
Malam, Allah ya ƙara basira,
Amma ka tsallake kukan mata da 'ya'ya.

Ya tsere Senegal da Deby ya shigo,
Shekara 22 yana barci lafiya.

Matan da aka kai sansanin Wadi Dum,
Rana wanki, dare abin kunya.

Khadija Zidan ta tsaya gabansa,
Ta faɗi abin da ya yi mata, ba kwana-kwana, ba ƙarya.

Da aka ɗaukaka ƙara sai aka cire tuhumar fyaɗen,
Wai ba ta cikin takardar farko. Haba, duniya!

Sefa biliyan 82 kotu ta rubuta,
Mutum 7,396 ke jiran diyya.

Korona ta ɗauke shi a 2021,
Ranar ko dala ba ta shiga hannun maraya.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, a yi min afuwa, yaro ne ni,
Cikin manya na tsoma baki da tambaya.

Wanda sunansa ke hana tari a kasuwa,
Ba shi aka ɗauko cak, yana turjiya?

Farin rawani, baƙin tabarau,
Ya yi gum, shaidu na ta ƙirga ɗaya-ɗaya.

Clement Abaifouta, da aka sa binne fursunoni,
Ya zo da ƙafarsa ya ba da tarihin maƙabartar baya.

Alƙalin ɗan Burkina ne, zaman a Afirka,
Ba a kai shi Turai ba, wannan ma nasara ce, Hajiya.

Hajiya Ta-Kudu:
Ɗana, na yarda, an zubar masa da girma,
Amma girman da ya zube ba ya cika tukunya.

Kuma wa ya ba shi makamai don Gaddafi?
Amurka da Faransa, ai ba a ɓoye suka yi tarayya.

Su wace kotu ta aika wa sammaci?
Malam, kai ka buɗe, kai za ka amsa wannan tambaya.

Malam Na-Gabas:
Hajiya ta ɗaure ni da jijiyata. "Tambaya" kuwa an maimaita ta sau biyu, ban yafe ba. Ku ba ni zuwa bayan Isha'i.