Ɗana ɗan shekara 8 ya ce gara ya mutu: waɗanda suka kai yaransu wajen likita, ya kuka gani?

Uwar yara uku: Assalamu alaikum. Sati biyu da suka wuce ina ninke wanki, ɗana yana zaune bakin gado yana jujjuya murfin biro, sai kawai ya ce, "Mama, da na mutu da kowa ya huta." Na daka masa tsawa, na ce kul in sake ji. Jiya malamarsa ta kira ni, ashe ya maimaita a aji. An ba mu ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa na yara. Tsorona kada tambayoyinsu su ƙara cusa masa abin a rai. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini.

Wata uwa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan tsoron ni ma na sha shi. A zaman farko likitar ta dubi 'yata, shekararta 9 lokacin, ta ce, "Kin taɓa tunanin kashe kanki?" Wallahi saura kaɗan in janye yarinyar mu fita. Ita kuwa sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce eh, kamar an sauke mata kaya. Daga baya likitar ta yi mini bayani cewa bincike ya daɗe da nuna tambayar kai tsaye ba ta dasa wa yaro tunanin. Ta kuma tambaye ta ko wanda ya mutu yana dawowa. Ƙananan yara da yawa ba su gama gane cewa mutuwa ba ta da komowa ba, kuma wannan ba ya rage haɗarin, wani lokaci ƙara shi yake yi.

Sauran zaman yawanci wasa ne da zane. An zana mata wani tsani daga 1 zuwa 10, duk dare ta nuna mini inda ɓacin ranta ya kai. Ranar da ta nuna 8 ne na ji labarin yaran da suke tsokanarta a makaranta tun farkon zango. Ni da nake ganin ba abin da take ɓoye mini.

Wani uba: Ni shagwaɓa na ɗauka, gaskiya, har na ce wa mahaifiyarsa ɓata lokaci ne. Nawa ba mai zaman shiru ba ne, mai zafin rai ne, ya faɗi maganar yana cikin fushi, bayan minti goma yana dariya. Aka gano yana da matsalar rashin natsuwa da aikata abu kafin tunani, wadda ake kira ADHD. Likitan ya ce a yara 'yan ƙasa da shekara 12 wannan gaggawar ce sau da yawa abin tsoro, ba lallai sai ka ga yaro ya yi jugum ba.

Jiyyar da aka sa mu reshe ce ta tsarin DBT, wato koyar da dabarun shawo kan ɓacin rai, wanda masaniyar halayyar ɗan Adam Marsha Linehan ta ƙirƙiro, an daidaita ta don yara. Abin da ban zata ba, mu iyaye aka fi bai wa aiki. An hana ni cewa "ba komai ba ne", sai dai "na ga ranka ya ɓaci sosai, zo mu zauna." Ta yi mini nauyi a baki kusan wata guda. Mun kuma rubuta takardar kariya tare da shi: alamomin da yake ji kafin abin ya taso, abin da zai yi ya huce, da manya uku da zai je wurinsu. Magunguna da duk wani abu mai haɗari a gidan muka kulle tun ranar.

Kakar wani yaro: In an rubuta maganin damuwa, a sa ido sosai a makonnin farko da duk lokacin da aka canza yawansa. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi cewa yana iya ƙara irin wannan tunani ga wasu yara da farko. Jikana ya amfana da shi, amma kada a tsayar da shi rana ɗaya ba da sanin likita ba.

Wata uwa kuma: Mu likitan farko bai yi mana ba. Zama huɗu, yarinya ko uffan, shi kuma bai taɓa kirana ciki ba. Muka canza. Kuma kada ki jira ranar da aka ba ku idan ɗanki ya ce ya san yadda zai yi, ko ya gwada wani abu. Sashen gaggawa za ku nufa nan take, kada a bar shi shi kaɗai.

Uwar yara uku: Na gode, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na ba shi haƙuri kan tsawar da na yi masa, na ce ina so in ji. Bai ce komai ba, ya dai kwantar da kansa a cinyata har barci ya ɗauke shi. Magunguna na kulle su. Ranar Talata za mu je, babansa ma ya ce zai biyo mu.