Musayar waƙa kan Gino Strada, likitan fiɗa mai bin fagen yaƙi

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a, yau ni zan buɗe fage. Kan wani likitan fiɗa ne ɗan Italiya, Gino Strada, an haife shi 1948. Amsa-amon ƙarshe "ya" ne, wanda ya karya akwai tarar goro.

Bismilla na fara da sunan Rabbana,
In ba ku labarin likita a baitina,
Ɗan Sesto ne, gefen Milan, ku ji zancena,
Ya koyi fiɗa har Amurka, 'yan uwana,
Ya bar kujerar daɗi ya kama hanya.

A 1989 ya ɗau jakarsa,
Red Cross ta tura shi da wuƙarsa,
Kwetta ta Pakistan nan ne zangonsa,
Raunin Afganistan ake jibge masa,
Wani ba ƙafa, wani ba ido ɗaya.

Uwar Biyu:
Kai yaya Ɗan Fagge ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi, wlh ni abin da ya fi tsaya min a rai wannan nakiyar ce da ake ce wa koren aku, tunda na ji labarinta in na ga yarana suna tsince tsince a waje sai gabana ya faɗi.

Wata nakiya ce mitsitsiya, koren launi,
Jirgi ke watso ta bisa ƙauye da tsauni,
Yaro ya tsinta ya ce yau wasa ya same ni,
Ta tashi a tafinsa, ba yatsu sai jini,
A kai wa Gino ya ɗinke, a shiga jinya.

Ɗan Fagge:
Sannu ƙanwata, baitin ya zauna.

1994 shi da Teresa matarsa,
Suka kafa Emergency, ƙungiyarsa,
Ruwanda ya fara, Kabul na jiransa,
Ba ya tambayar wa ka bi, ko wa ka ƙi sa,
Kyauta ake fiɗa, ba a karɓar ko ɗaya.

Na Bakin Kasuwa:
Toh ku yi haƙuri ni fa ban iya yabo zalla ba. Wancan asibitin zuciya na Salam da ya buɗe a Khartum 2007, har gwamnatin Bashir, shugaban Sudan na wancan zamani, ta sa kuɗi a ciki, lokacin kuma Darfur na ci da wuta.

Malam ka yaba, amma bari in tanka,
Sauro na kisa, kai zuciya ce aikinka?
Kuɗin fiɗa guda, ka auna da kanka,
Gidan sauro nawa zai saya wa ƙauyenka?
Ga hannu da Bashir, wannan fa da wuya.

'Yar Tiyata:
Baba Na Bakin Kasuwa Allah ya ƙara girma, amma a nan kam ban bi ka ba. Ni nas ce. Ciwon da suke wa aiki a Salam fa ciwon talaka ne, daga ciwon maƙogwaro yake farawa, yaro bai samu penisilin ba, a hankali ƙofofin zuciya su lalace, sai ka ga budurwa 'yar 15 ta kasa ɗaukar tulu tana haki.

Ciwon wuya ne aka raina tun farko,
Ya gangara zuciya ya kafa tarko,
Mai kuɗi ya hau jirgi Indiya ya sauko,
Talaka fa? Sai jiƙo da sassaƙe ya ɗauko,
Shi ma a buɗe ƙirjinsa, ba kunya.

Batun Bashir kuwa an soki Gino a kai, gaskiya ne, shi dai ra'ayinsa gwamnati ta biya wa mutanenta magani ko wace iri ce.

Direban Dare:
Ni ban iya waƙa sosai ba a min uzuri. Ƙanina ya yi hatsari a babur, muka kai shi wani asibiti wajen ƙarfe ɗayan dare, aka ce sai an ajiye kuɗi, ni na fita neman safar hannu da ledar ruwa a kemis ina buga ƙofa kamar ɓarawo.

Jini na zuba a benci ana rubuta rasit,
Na ce ku taimaka, aka ce je ka yi difozit,
Ya rayu dai, amma ƙafar ta tafi.

Uwar Biyu:
Allah sarki, Allah ya ƙara masa lafiya. Amma direba ka karya "ya", goro ya hau kanka.

Ɗan Fagge:
An yafe masa, wannan baitin ba na tara ba ne.

13 ga Agusta 2021 ya cika,
A Faransa, zuciyar ta gaji da ɗauka,
Kwana biyu Taliban suka shiga Kabul duka,
Bam ya tashi a filin jirgi, ana kuka,
Asibitinsa aka nufa, ƙofa ba ta rufe ko ɗaya.

Na Bakin Kasuwa:
Na ji, 'yata ta ɗaure ni ta gefen zuciya. Na Bashir dai ban sauka ba, bari in rufe shago in dawo da baiti biyu bayan isha'i.