Wai "juriya" ce fassarar resilience? Ku zo mu daidaita kalmar nan kafin ta zauna a bakin mutane

Assalamu alaikum jama'a. Kalmomi uku ne ke ta yawo a rubuce-rubucen da suka shafi birane da ambaliya, smart city da sustainability da resilience, kuma kowa fassara su yake yadda ya ga dama. Ta tsakiyar ba rigima a kanta, ɗorewa ta riga ta zauna tun da aka fara cewa muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015, na 11 a cikinsu ma kan birane yake magana. Ta ƙarshen, wato resilience, ce ta hana ni sakat. Wasu 'yan'uwa sun riga sun kawo shawarwarinsu a kan fassarar, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kusan ko'ina "juriya" ake sawa, birni mai juriya, gina juriyar al'umma, ni kuma wallahi kalmar ba ta kwanta min ba a wannan wurin. Juriya a kunnen Bahaushe ƙanwar haƙuri ce, abu ya same ka ka cije ka daure har ya wuce. To idan aka ce ana so mazauna birni su zama masu juriya ga ambaliya, abin da mai sauraro zai ɗauka shi ne ruwa zai ci gidansa shi kuma ya yi haƙuri, alhali masu tsara birane ba haka suke nufi ba sam. Yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayanin kalmar a harkar bala'o'i ya haɗa abubuwa da yawa: a tare abin da za a iya tarewa, a shanye wanda ya wuce, asibiti da wuta da ruwan sha su ci gaba da aiki ana cikin masifar, sannan gari ya miƙe da wuri. Yarjejeniyar Sendai ta 2015, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita kan rage haɗarin bala'o'i, ta ƙara da cewa idan za a sake gini a gina wanda ya fi na da. Ina wannan duk ya shiga cikin daurewa? Kuma abin da ya fi damuna, kalmar tana sauke nauyi daga kan hukuma ta ɗora wa talaka, tunda shi ake cewa ya jure.

Malam da ya kawo "ƙarko", na gode, amma ƙarko na abu ne mai tauri da ba ya saurin lalacewa, ya dace da katangar tare ruwa ko gada. Matsalar ita ce ilimin ambaliya na yanzu ya bar dogaro da tauri kaɗai. Ku duba Holan, bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum sama da 1,800 sun yi shekaru suna gina manyan shingaye, amma daga baya su da kansu suka fito da shirin ba wa kogi fili, a birnin Nijmegen sai da suka ja katangar kogin Waal baya da mita 350 suka haƙa masa wata hanya ta gefe don in ya cika ya samu inda zai bi. A birninsu na Rotadam kuma akwai dandalin Benthemplein da aka buɗe a 2013, ranar da ba ruwa yara na wasan ƙwallo a ciki, in an yi ruwa mai ƙarfi sai ya koma tafki ya riƙe ruwan har magudanai su samu sarari. Wannan wuri da gangan aka yi shi don ruwa ya cinye shi, to ka ga ƙarko ba ta faɗi abin ba.

Jajircewa da tsayin daka kuma halin mutum ne, kwalbati ba ya jajircewa.

Hajiya ta ce "murmurewa", kuma gaskiya ta kusa sosai, sai dai murmurewa a hankali ake yi kamar mai tashi daga jinya, a nan kuwa sauri yana cikin ma'anar, kwana nawa aka ɗauka kafin a dawo da wuta, mako nawa kafin makarantu su buɗe, da shi ake auna gari. Shi ya sa ni na fi karkata ga "ƙarfin farfaɗowa". Ƙarfin yana nuna abu ne da aka tanada tun kafin ruwan ya zo, farfaɗowar kuma ta yarda cewa za a bugu amma za a tashi. A gwada a jimla: Kopenhagen, babban birnin Denmark, ta ƙara wa kanta ƙarfin farfaɗowa bayan ruwan 2 ga Yulin 2011, lokacin da kusan milimita 150 ya sauka cikin 'yan awanni, inda a 2012 ta fitar da tsarin mayar da wasu tituna da wuraren shaƙatawa hanyoyin ruwa. Ta zauna ko ba ta zauna ba?

Wani yayanmu ya yi ƙorafin cewa kalma biyu, wato "ƙarfin farfaɗowa", ta yi tsawo kuma ba ta ɗauko ɓangaren shanye bugun ba. Haka ne, akwai giɓi, ba zan musa ba, amma gara giɓi kaɗan da kalmar da ke koyar da akasin abin da ake nufi. Inda rubutu ke buƙatar cikakken bayani sai a ce ƙarfin shanye ambaliya da farfaɗowa, a kanun labari kuma a taƙaita.

Sai smart city. Na ga "birni mai wayo" kuma ban so ba, wayo yana da ƙanshin zamba. Wani ɗan'uwa ya ce tunda ana cewa wayar komai-da-ruwanka a ce birnin komai-da-ruwanka, amma ita wayar don tana yin aiki iri-iri aka sa mata sunan, shi kuwa birnin abin da ya bambanta shi shi ne yana tattara bayanai yana aiki da su nan take, na'urori a cikin magudanai da ƙarƙashin gada suna auna tsayin ruwa, na'urar hasashen yanayi da tauraron ɗan'adam suna nuna inda hadari ya dosa, kwamfuta na lissafa unguwar da za ta fara nutsewa, sannan a buɗe ƙofar dam ko a kunna famfo ko a tura saƙon tes. Tunda ƙirƙirarriyar basira ta karɓu, "birni mai basira" ya fi sauƙin shiga. Misalin da nake so shi ne ramin Kwala Lumfur a Malesiya da aka buɗe a 2007, tsawonsa kilomita 9.7, wani sashe nasa motoci ke bi kullum, in na'urori suka nuna kogi ya kawo sai a fitar da motocin a rufe a saki ruwa ya bi ta ciki.

Amma don Allah kar mu bari kalmomin biyu su narke su zama ɗaya, don gari zai iya samun basirar ya rasa ƙarfin farfaɗowar. A Balensiya ta Sifaniya ranar 29 ga Oktoban 2024 hukumar yanayi ta fitar da jan gargaɗi tun da safe, amma saƙon da ke shiga wayoyin mutane bai fita ba sai bayan ƙarfe 8 na dare lokacin ruwa ya riga ya shiga garuruwa, mutum sama da 200 suka rasu. A kwarin Ahr na Jamus a Yulin 2021 ma hasashe ya nuna ruwan na zuwa, an yi jinkirin kwashe mutane, sama da 130 suka mutu a wurin. Na'ura ta gani, wanda zai ba da umarni ne ya makara.

Akwai kuma wata kalmar, sponge city. Ita "birnin soso" da ƙasar Sin ta fara gwadawa a birane 16 a 2015 ba ta buƙatar dogon zance, soso dai soso ne, ƙasa da lambuna da daɓe mai tsotse ruwa a maimakon kankare ko'ina. Sai dai Zhengzhou, ɗaya daga cikin biranen Sin da suka bi wannan tsari, ta nuna iyakarsa a 20 ga Yulin 2021 da milimita 201.9 ya sauka cikin awa ɗaya har ruwa ya cika hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba na son a rubuta "magance ambaliya", ba wanda ya magance ta, "rage haɗarin ambaliya" shi ne gaskiya. Kuma a riƙa sa lanƙwasar ɗ ɗin, in ba haka ba haɗari ya koma hadari, a maganar ruwan sama kuwa duka biyun suna iya zuwa a jimla ɗaya.

Abin da ban samu wanda ya gamsar da ni ba har yanzu shi ne yadda za a kira jami'in da aikinsa shi ne kula da ƙarfin farfaɗowar birni, don tun shirin birane 100 na gidauniyar Rockefeller ta Amurka a 2013 birane da dama suka buɗe wannan kujera. Jami'in ƙarfin farfaɗowa ya yi nauyi a baki. Malamanmu na rediyo da masu fassara, me kuke gani?