Muhawara: Shin Dutse na bukatar hasashen zirga-zirga kafin a faɗaɗa titunanta?

Alhaji: Assalamu alaikum. A ganina ƙaramin birni irin Dutse ba ya bukatar a kashe kuɗi wajen hasashen yawan motocin da za su bi titi nan da shekara ashirin. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, wane masani ne ya hango cewa garin zai zama babban birnin jiha? Wa ya sa Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 cikin lissafinsa? A shimfiɗa tituna masu faɗi tun fili yana da araha, lissafi ya biyo baya.

Injiniya: Wa'alaikumus salam, ranka ya daɗe. Gaskiya ne hasashe yana kuskure. Wani masani mai suna Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa sun bincika ayyukan sufuri 210 a ƙasashe 14 a 2005, suka tarar cewa a rabin ayyukan tituna, tazarar da ke tsakanin abin da aka hasasa da abin da ya auku ta wuce kashi 20 cikin ɗari. Sai dai duk wanda ya ce a yi titi mai layi shida, shi ma hasashe ya yi, kawai bai ƙirga komai ba. Tsarin da muke bi tambayoyi huɗu ne: tafiya nawa kowace unguwa take haifarwa, ina aka nufa, a kan me za a je, kuma ta wace hanya.

Malama: Injiniya, wannan tsarin a biranen Amurka aka ƙirƙiro shi cikin shekarun 1950, inda ake ɗauka cewa mota ce abin hawan kowane gida. Mu a nan yawancin jama'a kan babur suke, ko keke napep, ko a ƙafa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuwa tun 2006 aka yi ta. Da waɗanne alƙaluma za a ciyar da kwamfutar da za ta yi hasashen? Abin da nake gani da idona kullum shi ne ba ƙarancin layukan titi ke tsayar da mu ba, rashin wurin sauke fasinja ne, da manyan motocin da ke sauke kaya a bakin kasuwa, da masu tebur da suka cinye gefen titi. Kuma duk lokacin da aka ƙara wa titi faɗi, ɗalibaina ne ke ƙara daɗewa a tsakiyarsa wajen tsallakawa, direbobi kuma suna ƙara gudu. Wannan yana damuna ƙwarai.

Alhaji: Malama, dubi Kano. An jira sai da gari ya cika, sannan aka shiga rusau da biyan diyya da gina gadojin sama irin ta Ƙofar Nassarawa. Tun ran gini, tun ran zane.

Injiniya: A nan ne nake so mu raba abu biyu. Keɓe fili daban, zuba kwalta daban. A shata faɗin hanyar tun yau, a hana gini a cikinsa, amma a kwalta abin da ake bukata kaɗai, domin kwaltar da ba a bi ita ma tana lalacewa kuma tana cin kuɗin gyara. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy har aka kammala a 2008, amma cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo, saboda sabon titi yana jawo sababbin tafiye-tafiye.

Direba: Da izininku. Dutse ba Houston ba ce, kuma ba na jin faɗin titi zai sa talakan da ba shi da kuɗin mai ya sayi mota. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, na ga mutane da dama sun ajiye motocinsu. Haka ma da aka hana acaɓa a Kano a 2013, a daidaita sahu ya mamaye titi. Hukunci guda na gwamnati yana iya rushe lissafin shekara ashirin.

Malama: Shi ya sa nake cewa a bar dogon hasashe, a riƙa ƙidaya duk shekara. A tsayar da matasa a manyan mahaɗai da safe, da lokacin tashi daga sakatariya, da ranar Juma'a, su ƙirga babur da keke da masu tafiya a ƙafa kamar yadda za su ƙirga mota.

Alhaji: Na yarda da keɓe filin. Amma Injiniya, wa zai tsare shi shekara goma ba a yanka shi filaye an raba ba?

Injiniya: Sai an sa shi cikin taswirar gari da doka ta amince da ita, a kafa duwatsun iyaka, a dasa itatuwa a jere, kuma a sanar da masu unguwanni a gaban jama'arsu.